Kwanon Abah Mai Tsaga

Shafi na 31

Masu cika min waya da saƙo wai na daɗe ina kewaye-kewaye a kan Kang Darsa, to yau ga shi gabanku. Ku karanta a zaune.

*

Duk wanda ka tambaya cikin masu harkar kiɗan tekno a birnin Bandung wane ne Kang Darsa, sai ya gyara zama kafin ya ba ka amsa.

Wani zai ce maka bai taɓa ganin haƙoransa ba muddin yana kan na'ura. Wani ya ce akwai ranar da ɗan wani attajiri ya miƙa masa waya, an rubuta sunan waƙar da yake so a saka masa. Kang Darsa ya karɓi wayar ya jefa a aljihu, bai mayar ba sai da aka tashi. 'Yan acaɓan da ke jiran fasinja a bakin Gidan Ƙanƙara kuwa cewa suke yi, "Wannan ai shugaban makaranta ne, hanya ce ta ɓace masa ya faɗo cikin kiɗa."

Yaran da ya koyar magana ɗaya suke maimaitawa kamar hadda: DJ ne ke jan jama'a, ba jama'a ke jan DJ ba.

Shi ya mai da tsohuwar masana'antar ƙanƙara gidan kiɗa. Shi ya koya wa ɗalibarsa Imas yadda ake haɗa kiɗa biyu su zama ɗaya ba tare da an ji bakin ɗinkin ba. Kuma shi ne dai, shekarun baya, ya hau dandamali ya zare mata abin kunnen da DJ ke sauraron kiɗa da shi a gaban jama'a, don kawai ta sako gangar dangdut, kiɗan bukukuwan talakawa, a tsakiyar kiɗanta, mutane suka ɓarke da shewa da rawa.

"Nan ba gidan biki ba ne, Neng." Abin da ya ce ke nan, da Neng ɗin da ake ce wa yarinya a can, ya nuna mata matakala.

Ba ta ƙara ba. Ta haɗiye abin, ta koma ƙananan wurare tana buga kiɗa mai nauyi marar fara'a, irin wanda ake saurara ido a rufe, har gidan ya sake buɗe mata ƙofa. Gobe ita ce za ta share fage ga baƙon da ya taso daga Berlin, mutumin da in kiɗanka ya yi masa, sai dai ka tsinci sunanka a manyan tarukan Turai. Ba ta jin za ta sake samun irin wannan damar.

Shi ya sa ta iso gwajin sauti da wuri, rigar ruwanta na ɗiga, ledar ƙosan bala-bala a hannu.

Tana shiga ta ga ba lafiya ba.

Teh Yuyun, mai kula da sautin gidan, tana zaune bayan teburinta da sigari a baki, ba ta kunna ba. Kang Darsa na zaune kan akwatin lasifika, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Rangga kuma, mai riƙe da shafin gidan a yanar gizo, yana tsaye kan na'ura kamar mai gabatar da ƙara.

"Wa ya mutu?" in ji Imas. Ta ɗaga ledar. "Da zafinsu fa. Har da ɗanyen barkono."

Ba wanda ya miƙo hannu.

"Teh Imas, tambaya zan miki," in ji Rangga. "Kin san Lutung?"

Ta yi dariya. "Wa bai san Lutung ba? Motar hayar da na shigo yanzu ma shi direban ya ƙure, har hanjina na rawa."

Gaskiyarta. Lutung DJ ne mai rufe fuska da fuskar baƙin biri ta katako, ba wanda ya san ko wane ne. Kiɗansa guda ɗaya ya cinye garin, daga shagon aski har gidan kaciya. Kiɗa ne mai gudun tsiya, ganga kan ganga, ga usur. A Gidan Ƙanƙara sunansa zagi ne. In DJ ya yi abin arha don a tafa masa, sai a ce ya yi Lutung.

"Ba ji na tambaye ki ba," in ji Rangga. "Cewa na yi kin san shi?"

"Rangga, in wasa ne ka bari in ci abinci tukun."

"To saurara."

Ya danna na'urar hagu. Kiɗanta ne ya taso, guda ɗayan da ta taɓa fitarwa a faifai, wanda ya dawo mata da mutuncinta a gidan nan. Ganga mai nauyi kamar bugun zuciya. Can a samanta, a hankali:

Ting. Ting. Ting.

Kowa a gidan ya san tarihin wannan sautin. Abah, mahaifinta, mai tura amalanken bakso ne, romon curin nama, a lungunan Baleendah, yana buga cokali a kwanon tangaran don a san ya iso. Na sauran masu bakso garau yake fita. Na Abah yana da tsaga a gefe, don haka kowane ting sai ya ƙare da 'yar dishewa, kamar mai mura. Ta ɗauki sautin ne ana saura kaɗan ya rasu.

Rangga ya danna na'urar dama. Kiɗan Lutung ya faɗo musu kamar an watso ruwa.

"Nasa ya fi naki gudu nesa ba kusa ba, shi ya sa ba wanda ya lura," in ji shi da ƙarfi. "Jiya a gida na ce bari in rage masa gudu in ji me ke cikin wannan sharar."

Ya ja maɓallin gudu ƙasa. Ya ƙara ja. Kiɗan ya fara tafiya kamar mai jan ƙafa, usur ya koma kukan saniya. Ya murɗe gangunan suka ɓace. Abin da ya rage a manyan lasifikokin gidan shi ne:

Ting. Ting. Ting.

Da dishewarsa.

Dama da hagu suka hau kan juna, ba a rabe wannan da wancan.

Imas ta gyara riƙon ledar.

"Kowane mai bakso a garin nan yana buga kwano," in ji ta.

"Mai tsaga? Tsaga iri ɗaya? Teh Yuyun, ke ce mai kunne. Faɗa mata."

Teh Yuyun ta cire sigarin daga baki. "Kwano ɗaya ne, Imas. Ban so ba, amma ɗaya ne."

"Kin ji ko?" Rangga ya buga tafi. "Ranar Asabar ki zuba baƙaƙen kaya ki zo nan kina mana fuskar shanu, ranar Lahadi ki sa fuskar biri ki tafi gidan kaciya ana miki liƙi! Mu kuma ga wawaye, muna ta cewa Teh Imas ta shiryu. Gobe mutumin Berlin ya zo, wani ya raɗa masa, a yi mana dariya har Jakarta!"

"Rangga, wallahi ba..."

Imas ta tsaya, ta kasa kunne.

A kiɗan Lutung akwai wurin da kowa ke jira. Ganguna su ɗauke ɗif, sai a ji wata 'yar ƙara, kik, kamar an taka ɓera, sannan kowa ya daka tsalle. Yara a titi ma kwaikwayo suke. To kiɗan ya iso wurin, amma yanzu da gudunsa a ƙasa.

Ba kik aka ji ba.

Tari aka ji. Busasshen tarin dattijo, gajere, daga can cikin ƙirji.

Ledar ta suɓuce daga hannunta, ƙosai suka watse a ƙasa.

"Mayar baya."

"Me?"

"Na ce mayar baya!"

Ya mayar. Tarin ya sake fita, ya cika tsohuwar masana'antar har rufin kwano.

"Abah," in ji ta, a hankali. "Wannan Abah ne."

Teh Yuyun ta dafe baki.

Watau duk watannin nan, abin da garin Bandung ke daka wa tsalle, abin da ita kanta ta taɓa kaɗa wa kai a cikin mota ba ta sani ba, tarin mahaifinta ne.

Daidai nan ladanin masallacin bayan gidan ya ɗaga murya, kiran la'asar. Teh Yuyun ta sauke sauti gaba ɗaya, kamar yadda ake yi kullum. Aka yi tsit. Rangga ma ya ja bakinsa, ya tsaya yana huci.

A cikin shirun nan ne kanta ya fara aiki.

A nata kiɗan babu tarin. Ta yanke shi tun ranar farko, don ba ta iya jin sa. Asalin ɗaukar, mai tarin a ciki, yana kwamfutarta, kwamfutar kuma ambaliyar kogin Citarum ta cinye. Amma kafin ambaliyar ta taɓa tura wa mutum ɗaya. Ta tura masa ne don ya saurara ya gaya mata ko sautin ya fita da tsabta, tunda shi ne malaminta.

Ta juya a hankali.

Kang Darsa, mutumin da ke kafe ka da ido har sai ka sunkuyar da naka, takalminsa yake kallo.

Ladan ya idar.

"Na riga na rubuta sanarwar cire sunanki," in ji Rangga, ya ɗaga waya. "Kang ne ya ce a jira ki zo."

"Kang ya ce me kuma?"

"Ya ce doka doka ce."

"Haka ka ce, Kang?"

Bai ɗago ba. "Haka na ce."

Ta gyaɗa kai. Ta juya wajen mai sauti.

"Teh Yuyun, wa ya taya ni kwashe laka a ɗakina bayan ambaliya?"

"Ni mana. Har yau ƙafata ba ta daina ƙaiƙayi ba."

"Kwamfutar fa?"

"Da hannuna na zaro ta. Ruwa na zuba ta kowace kafa. Ko mai gwangwan sai da aka roƙe shi ya ɗauka."

"A faifaina akwai tarin nan?"

"Babu. Na saka shi a gidan nan ya fi a ƙirga. Babu."

Rangga ya taɓe baki. "To sai me? Ai kina iya ajiye wani a wani wuri."

"Na ajiye," in ji Imas. "A wajen mutum ɗaya."

"Wa?"

Ta juya wajen Kang Darsa.

"Kang, ina son ganinka a ɗakin sanyi."

*

Ɗakin sanyi nan ne ake jibge ƙanƙara a da. Yanzu wayoyi ne a ciki da jakunkunan faifai. Ƙofarsa ta kai katifa kauri, in an rufe ko ihu ka yi ba mai ji.

Ta rufe. Ƙarar ruwan sama ta ɗauke.

"Kang."

Idonsa na ƙasa.

"Kang Darsa, ka dube ni."

Ya ɗago. Ba ta taɓa ganin idonsa haka ba, kamar na wanda aka tasa daga barci.

"Ka ce min sace maka aka yi," in ji ta. "Ka ce min wani ka ba aro ya je ya yi abin da ya ga dama. Wallahi zan yarda. Faɗa kawai."

"Ba a sace ba."

"To ka ba wani."

"Ban ba kowa ba."

Ta jingina da bango.

"Innalillahi... Kai?"

"Ni."

"Kai ne Lutung? Mai tsalle a bayan a-kori-kura? Mai murguɗa ƙugu da usur a baki?"

"Ƙugun har yanzu ciwo yake min."

Wata dariya ta taso mata, ta fito kamar kuka. Ta toshe baki da bayan hannu.

"Ta yaya? Kang, ta yaya?"

Ya zauna kan naɗin waya, ya daɗe yana murza tafin hannunsa.

"Kaciyar ɗan ƙanwata ce, a ƙauyenmu can Subang. Suka ce tunda kawu DJ ne ba za a ɗauko wani ba. Na je da kayana. Na sa musu mafi kyawun abin da nake da shi, Neng, irin wanda a nan ake rufe wa ido. Tsofaffi suka zauna suna kallona. Yara suka koma wajen mai balan-balan. Can sai ga Ema, mahaifiyata, ta dogaro sanda har gabana, ta ce, 'Darsa, injin nan naka lalacewa ya yi, ko dama haka yake kuka?'"

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Na shiga ɗaki na kulle. Kafin a gama cin abinci na haɗa wancan. Na ari fuskar biri wajen masu wasa, don kada wani ya ɗauke ni a waya a gane ni. Na fito na saka kiɗan. Ema ta yar da sanda. Matar da sai an kama ta take miƙewa. Ta yi rawa, Imas. Ta yi rawa tana dariya, ba haƙori ko ɗaya a bakin. Ni kuma ina cikin katako ina kuka, ba wanda ya sani. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa sa wani dariya ba sai ranar."

"To me ya hana ka tsaya a nan?"

"An ɗauka a waya. Kafin in dawo Bandung ya riga ni isowa. Aka fara nemana. Na ce sau ɗaya kawai zan ƙara."

"Ka ji daɗi."

"Na ji daɗi."

"Ni ganga ɗaya na sa," in ji ta. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Ɗaya tak. Ka hau ka sauke ni kamar an kama ɓarauniya. Ka san sunan da aka liƙa min? 'Yar biki. In na shigo wuri sai a fara tafi ana guɗa. Na daina sauraron abin da na tashi da shi. Ko a gidan ƙawata aka sa dangdut sai in riƙe ƙafata kada ta motsa, wai kada labari ya iso maka."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kwanon fa? Duk tarkacen sautin da ke kwamfutarka, sai na Abah?"

"Cikin sauri ne, na..."

"Kar ka ce min kuskure ne."

Ya girgiza kai.

"Ba kuskure ba ne. Nema na yi na ɗauko. Ina neman abin da zai tayar da mutane daga kan tabarma, na duba na ga ba abin da ya kai shi. Ai don haka aka yi shi. Abah in ya buga, unguwa gaba ɗaya fitowa take da kwano a hannu. Ke kin sa shi a kiɗanki kamar addu'a, kowa na sunkuyar da kai. Ni na bar shi ya yi aikinsa."

Maganar ta soke ta inda ba ta zata ba. Ta tuna yara na fitowa da gudu ba takalmi, mata na leƙowa ta taga suna tsokanar Abah wai ya rage nama ya ƙara ruwa, shi kuma yana dariya yana ƙara buga kwanon da gayya. Abah bai taɓa buga shi don a yi jimami ba.

Amma ta dake.

"Tarin fa? Shi ma aikinsa yake yi? Wannan tarin shi ya kai shi kabari, Kang. Kana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa."

"Na ɗaga shi sama har ya daina kama da muryar mutum. Na ɗauka ba wanda zai..."

"Ka ɗauka ba zan gane ba."

Bai musa ba.

Ya miƙe ya jawo wata tsohuwar jakar faifai daga bayan sauran. Ya zuge, ya ture faifan gefe, ya zaro wani abu a naɗe cikin zane. Yana warwarewa sai ga baƙar fuskar birin, haƙora a waje.

Imas ta ja da baya.

"A nan kake ɓoye ta? A cikin Gidan Ƙanƙara?"

"Nan ne kaɗai ba wanda zai nema."

Ya miƙo mata da hannu biyu.

"Karɓi."

"In yi me da ita?"

"Sun riga sun ce ke ce. Ki bar su a haka. Lutung na da mabiyan da gidan nan ba zai tara ba har ya rushe. Ana nemansa a Jakarta, ana nemansa a Surabaya. Ki ɗauka duka, na bar miki. Kin iya, Neng, kin fi ni iyawa. Na ga yadda jama'a suka tashi ranar nan da ganga ɗaya. Ai don na ga hakan ne..."

Ya tsaya.

Ta zuba masa ido.

"Ƙarasa mana. Don ka ga hakan ne ka sauke ni."

Ya kawar da kai.

"Subhanallahi," in ji ta. "Ashe ba doka ba ce. Ni kuma ina can ina ta tuba."

"Imas, ki duba gidan nan. In aka san ni ne, ya mutu. Yaran nan ba bango suke zuwa kallo ba, maganata suke zuwa ji. Rangga ko numfashi na ce haramun ne a kan na'ura sai ya daina. Ke in kin tafi, mutum ɗaya ne ya tafi."

"Watau in kwashi kunyarka in ɗaura a fuskata."

"Ba kunya ba ce. Na rantse miki, abin da na gani a Subang ba kunya ba ce."

"To in ba kunya ba ce, fita da ita a hannunka."

Ya dubi ƙofar. Ya dubi fuskar birin. Bai motsa ba.

Ta share ido da gefen riga.

"Ba zan tona ka ba. Ba don kai ba. Ko na faɗa wa zai yarda? Ga 'yar biki, ga Kang Darsa. Zan fita in ɗauki jakata. Gobe ka nemi wani ya share wa baƙonka fage." Ta kama marikin ƙofar. "Amma abu ɗaya. Tun daga ranar da ka zare min abin kunne har yau, ko sau ɗaya ka taɓa ba ni haƙuri?"

Ta jira. Ta iya jira, ta saba.

Babu.

Ta buɗe ƙofar ta fita.

*

"Ya aka yi?" Rangga ya tare ta, yatsa a kan waya. "Kin amsa? In saki sanarwar?"

"Saki."

"Rangga," in ji Teh Yuyun, ba tare da ta kalle shi ba, "in ka taɓa wayar nan sai na cusa maka ita inda ba caja." Idonta na kan ƙofar ɗakin sanyi. Ta daɗe a sana'ar nan, kuma ta iya lissafi.

"Haba Teh Yuyun, ai ita da bakinta ta ce..."

"Na ce ka jira."

Imas ta durƙusa ta tsince ƙosan da suka watse, ta mayar cikin leda, don Abah bai taɓa barin abinci a ƙasa ba. Ta saɓa jakarta. Ba ta dubi dandamalin ba. Ta san in ta duba ba za ta iya fita ba.

Ta kusa kai hannu ga babbar ƙofa ke nan, aka turo ta daga waje.

Wani dogon Bature ne ya shigo yana kakkaɓe lema, mai masaukinsa na biye da shi.

"Ku gafarce mu, mun zo tun kafin lokaci," in ji mai masaukin, yana ta fara'a. "Baƙonmu na Berlin wai ba zai iya jira sai gobe ba, yana so ya ji lasifikokin Kang Darsa da ake ta ba shi labari. A'a, ga ma Teh Imas! Ita ce za ta share maka fage."

Baturen ya miƙo mata hannu yana murmushi.

Hannunta na riƙe da ledar ƙosai.

Sai lasifikokin suka yi gurnani. Wani ya kunna makirfo.

"Yuyun, ƙara min."

Gaba ɗaya suka waiga.

Kang Darsa na tsaye a kan dandamali, daidai inda ya taɓa sauke ta. Makirfo a hannun dama. A hannun hagu kuma, a fili, ba zane ba komai, baƙar fuskar biri.

Wayar Rangga ta faɗi ta tarwatse a kan siminti. Bai ko sunkuya ba.

"Kang... ina ka samo wannan? A jakarta ka gani ko? Kang, a jakarta ka gani?"

Kang Darsa bai kula shi ba. Ya hango Baturen a bakin ƙofa. Ya gane shi sarai. Imas ta ga yadda hannunsa ya sauko da makirfon har ƙirji, ta ce a ranta shi ke nan, zai ajiye.

Teh Yuyun ta tura sautin sama har fitilun teburinta suka koma ja, abin da ba a taɓa yarda a yi ba a gidan nan.

Ya sake ɗaga makirfon.

"Imas."

Sunanta ya daki bango ya dawo.

"Ni ne Lutung. Ni na ɗauki kwanon Abah, ni na ɗauki tarinsa. Ni na sauke ki daga nan don kin yi abin da na kasa. Yau ma ina zaune ina kallo za a sake sauke ki, na ce doka ce."

Muryarsa ta karye, lasifikokin suka ɗauki karyewar suka watsa ko'ina.

"Ki yafe min, Neng. Don Allah ki yafe min."